Waiwaye: Daga kunkurun Logo zuwa micro:bit a azuzuwan Zariya

Tunanin koya wa yaro kwamfuta ta hanyar sa shi ya sarrafa abin da yake taɓawa da hannunsa ya girme duk na'urorin da ake yayi yanzu. A shekarar 1967 ne Seymour Papert da abokan aikinsa suka ƙirƙiro Logo, wani harshen rubuta wa kwamfuta umarni, a Amurka, daga baya suka haɗa shi da wani ɗan mutum-mutumi da suka laƙaba wa suna kunkuru, wanda yara ke rubuta wa umarni ya yi gaba ko ya juya yana zana layi a takarda. Hujjar Papert ita ce, yaron da ya ga kunkurun ya kauce hanya zai koma ya binciki umarnin da ya rubuta da kansa, ba sai malami ya ce masa bai yi daidai ba.

Tsada ce ta daɗe tana hana ruwa gudu. Lego Mindstorms, kayan haɗa mutum-mutumi na yara da ya fito a 1998, sai makarantun masu hali. Al'amarin ya fara sauyawa da Arduino, wani ɗan allon lantarki da ake rubuta wa umarni ya sarrafa wasu na'urori, wanda aka ƙera a Italiya a 2005, sai ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi a 2012 kan dala 35, sannan a 2016 BBC ta raba micro:bit, wata 'yar ƙaramar kwamfuta ta koyar da yara rubuta umarni, kusan miliyan ɗaya kyauta ga 'yan shekara 11 zuwa 12 a Birtaniya.

Nijeriya kuwa wata hanya ta bi. Tun daga manufar ilimin kwamfuta ta 1988, hankali ya karkata ga samar da ɗakin kwamfuta, wanda sai da wutar lantarki da janareta da mai gyara. An gwada raba wa yara ƙananan kwamfutoci a wata firamare da ke Galadima, Abuja, a 2007, amma shirin bai bazu ba. Da JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, sai darasin ya ƙara takaituwa ga iya danna amsa, a wasu makarantun ma zana sassan kwamfuta ake yi a allo ana haddacewa.

Abin lura a Zariya shi ne ilimin yana nan cikin gari, aji ne bai shiga ba. Ɗaliban injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello sun saba haɗa ayyukansu na kammala karatu da Arduino, masu gyaran waya a PZ da Sabon Gari kuma sun san wayoyi da dalma fiye da yawancin malaman sakandare. Na'urar micro:bit batura biyu ƙanana take ci, ana iya tura mata umarni daga wayar hannu, kuma ɗan aji ɗaya na ƙaramar sakandare zai iya sa ta auna zafin aji ta nuna shi da fitilunta 25. A ganina, matsalar da ta rage ta malamin da ya taɓa na'urar kafin ya tsaya gaban yara ce, kuma horar da shi aikin Tsangayar Ilimi ta ABU ne da tsohuwar FCE Zariya wadda aka ɗaga zuwa jami'a.