Waiwaye: Sana'a da kiɗan da suka bi ayari

Bayan yaƙin Sudan ya ɓarke a watan Afrilun 2023, wata dattijuwa ta sauka a ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim, ita da jikokinta uku. A can aka haife ta, ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma kakanta ɗan garinmu ne kuma sunan unguwarsu na bakinta. Ko sati ba ta yi ba ta aika a samo mata kaba. Ina zaune ta jiƙa ta, ta tsaga da farce, ta kama saƙar faifai tana rera wata waƙar niƙa ƙasa-ƙasa. Gwaggona ta ajiye tsintsiya ta ce, "Yaya, rabona da wannan waƙar tun Inna na da rai."

Hanyar da waƙar ta bi tsohuwa ce. Tun kafin zuwan Turawa maniyyata ke tafiya Makka a ƙasa, ta Barno, Wadai da Darfur, tafiyar da kan ci shekaru. Sai 1903 ta zo: Kano ta faɗi a Fabrairu, Sakkwato a Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas aka kashe shi a Burmi a watan Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce da sauran jama'a har bakin kogin Nilu kusa da Sinnar, inda garin ya ci sunansa har yau. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, dubban 'yan Takari, wato mutanenmu da suka yi gabas, suka sami wurin zama.

Wanda ya fita a ƙasa ba ya ɗaukar dukiya, sana'arsa ce guzurinsa. Wanzami ya rataya zabira da aska da ƙaho, duk garin da ya sauka ya ci abinci. Baduku ya ɗinka laya da kube. Mahauci ya kafa tukuba, shi ya sa yau a Khartum ana cin nama mai ƙuli da yaji ana ce masa agashe, sunan da ko fassara ba ya buƙata a wajenmu. Ta fannin waƙa kuwa, A'isha Falatiya, wadda aka haifa a Kassala a 1905 cikin zuriyar mutanenmu, ita ce macen da ta fara waƙa a gidan rediyon Omdurman.

Yamma ma haka, sai dai ita goro ne ya buɗe ta. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sun riƙa kora jakuna zuwa Gwanja da kanwa, jar fata da turkuɗin Kura. Yaƙin basasar Salaga, babbar kasuwar Gwanja, na 1892 ya watsa fatake zuwa Kumasi, Karachi (Kete Krachi) da Ankara (Accra) a ƙasar Gana ta yau, zangunan suka zama unguwanni. Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji a 1877, wannan hanyar ya bi kafin gyaɗa ta ɗaukaka shi. A Gana yau mai yin kaciya wanzam ake ce masa, ana karyawa da koko, ana cin waakye da tuo zaafi. Ranar Sallah Sarkin Zango ya fito da algaita da ganguna, maroƙa na kirari da Hausa. Korar baƙi da gwamnatin Gana ta yi a 1969 ta girgiza zangunan, ba ta kashe wannan ba.

Akwai kuma waɗanda ba da son ransu suka tafi ba, kuma wannan ɓangaren yana sosa mini rai. Bayin da aka ƙetara Sahara da su sun riƙe kiɗan bori a Tarabulus da Tunis. A Tunisiya ana kiransa stambeli, har yanzu akwai kalmomin Hausa a cikin waƙoƙin, masu rerawa da yawa ba su san ma'anarsu ba.

A ganina abu biyu ne suka raya waɗannan a baƙunta. Na farko ciki: sana'ar da ke kawo na cefane ba a yar da ita. Na biyu kewa. Baƙo ba shi da gonar gado ba shi da kushewar kakanni, in zai aurar da 'yarsa kalangu ne zai shaida wa maƙwabta ko shi wane ne. Mu da muke gida ba mu ji wannan matsin ba. Injin niƙa ya shigo, dutse ya koma bayan ɗaki, waƙarsa ta bi shi. Karofi da yawa a Kura an cike su da shara, roba ta kori ƙwarya, a biki kuma lasifika ta maye gurbin makaɗi.

Dattijuwar nan yanzu tana da 'yan mata biyar da ke zuwa wurinta bayan la'asar. Hausarta na gauraye da Larabci, yara na yi mata dariya, ita ma tana yi musu in suka karkace bakin faifai, ta warware ta ce a sake. Ranar kasuwar da ta wuce ta kai guda takwas, kafin azahar sun ƙare.