Cibiyar Binciken Taurari ta Orsay: Ƙarfinta da Matsalar Ma'aikatanta

Wace irin cibiya ce wannan, kuma me ya bambanta ta da sauran wuraren nazarin taurari?

Cibiyar, wadda aka fi sani da taƙaitaccen sunanta na Faransanci IAS, tana garin Orsay a kudu maso yammacin birnin Paris, kuma hukumar binciken kimiyya ta ƙasar Faransa, CNRS, da Jami'ar Paris-Saclay ne ke riƙe da ita tare. Galibin masu nazarin taurari suna dogara ne da manyan na'urorin hangen nesa da aka girka a kan duwatsu, amma iskar da ta lulluɓe duniya tana tare nau'o'in haske da dama kafin su iso ƙasa. Saboda haka aikin wannan cibiya shi ne ta tsara na'ura, ta ƙera ta, ta gwada ta, a ɗora ta a kan kumbo a harba, sannan masananta su fassara bayanan da ta aiko. Hukumar sararin samaniya ta Faransa, CNES, ita ce ke ba da babban kaso na kuɗin irin waɗannan ayyuka, yawancin kumbunan kuwa na hukumar Turai ne, wato ESA.

Ina ƙarfinta yake?

Ƙarfinta yana cikin na'urorin da ta jagoranta, kuma mafi shahara ita ce HFI da aka ɗora wa kumbon Planck, wanda aka harba ranar 14 ga Mayu, 2009 daga Kourou, tashar harba kumbo da ke yankin Guiana na Faransa a Kudancin Amurka. Jean-Loup Puget na wannan cibiya ne ya shugabanci aikin na'urar. An ƙera ta ne don auna tsohon hasken da ya rage tun farkon samuwar sararin samaniya, haske mai rauni ƙwarai har sai da aka sanyaya ma'aunanta guda 52 zuwa kashi ɗaya cikin goma na digiri sama da ƙarshen sanyin da ake iya samu, wato kimanin digiri 273 ƙasa da sifili. Daga bayanan Planck ne aka ƙara tabbatar da cewa shekarun sararin samaniya sun kai kusan biliyan 13.8, kuma Puget ya karɓi kyautar Shaw ta ilimin taurari a 2018.

A fannin nazarin rana, cibiyar ta jagoranci na'urorin EIT da GOLF na kumbon SOHO da aka harba a Disamban 1995, kuma tana da rumbun adana bayanan rana mai suna MEDOC. A duniyar Mars kuwa, na'urar OMEGA da ke kan kumbon Mars Express na 2003, ƙarƙashin Jean-Pierre Bibring, ita ce ta gano ma'adanan yumɓu a tsofaffin yankunan Mars, abin da ya nuna ruwa ya taɓa daɗewa a can. Kyamarorin CIVA da suka sauka tare da Philae, ƙaramar na'urar da kumbon Rosetta ya saki, a kan tauraro mai wutsiya ranar 12 ga Nuwamba, 2014 su ma aikinta ne. Ba kasafai ake samun cibiya ɗaya da ta haɗa nazarin rana da na duniyoyi da na asalin sararin samaniya ba, kuma wannan haɗuwa tana sa dabarar da aka koya a wani fanni ta amfani wani.

Su wa ke ƙera waɗannan na'urori?

A nan ne mai karatu ya kamata ya tsaya da kyau, domin sunayen masanan ne ake ji, alhali rabin aikin yana hannun injiniyoyi da ma'aikatan fasaha. Akwai masu aikin madubi da tabarau, da masu lantarki, da masu kula da zafi da sanyi, da masu rubuta manhajar kwamfuta, da masu bin diddigin inganci. Kafin mutum ya shiga ɗakin haɗa na'ura sai ya sa riga ta musamman da hula da safar hannu da takunkumi, saboda ƙwayar ƙura ɗaya ko tabon yatsa a kan madubi na iya ɓata awo na shekaru. Bayan an haɗa, sai a sa na'urar cikin tankin da aka zuƙe iskarsa, a sanyaya ta, a haska mata hasken da aka san ƙarfinsa, a ga ko za ta faɗi gaskiya. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma a wannan sana'a gwajin dole ne ya ƙare a ƙasa, tunda babu mai bin kumbo zuwa Jupiter da sukurdireba.

To, ina matsalar ma'aikata ta taso?

Tushenta shi ne tsawon rayuwar ayyukan bai dace da tsawon kwantiragin masu yin su ba. An zaɓi Planck a 1996, aka harba shi a 2009, sakamakonsa na ƙarshe ya fito a 2018. Kumbon JUICE, wanda ke ɗauke da na'urar MAJIS da cibiyar ke jagoranta, an zaɓe shi a 2012, ya tashi a Afrilun 2023, kuma sai a 2031 zai isa Jupiter. Ɗalibin digiri na uku a Faransa kan yi shekara 3 ne, injiniyan da aka ɗauka da kuɗin wani aiki kuwa kwantiraginsa na ɗan wa'adi ne. A ƙa'idar aikin gwamnati a can, wanda ya cika shekara 6 a kan aiki iri ɗaya sai dai a mayar da kwantiraginsa marar wa'adi, don haka hukumomi kan guji sabuntawa idan an kusa kaiwa. Sakamakon shi ne matashin da aka sha wahalar horarwa yakan tafi daidai lokacin da hannunsa ya faɗa, tsofaffin da suka yi SOHO da Rosetta kuma suna yin ritaya ɗaya bayan ɗaya.

Me ya hana a ɗauki ma'aikatan dindindin kawai?

Cibiyar ba ta da ikon yin haka da kanta. Kujerun dindindin na CNRS da na jami'a ana samun su ne ta hanyar gasa, adadinsu ana yanke shi ne daga sama gwargwadon kasafin kuɗi, kuma kuɗin da CNES ke bayarwa don ƙera na'ura ba ya ƙirƙirar irin wannan kujera. Ga kuma albashin gwamnati da ba ya kamo na kamfanoni irin su Airbus da Thales Alenia Space, ga tsadar haya a kewayen Paris.

Ba za a iya bai wa kamfanoni aikin ƙirar ba, masana su tsaya kan nazari?

Ana ba su sassa da yawa, kuma hakan daidai ne. Amma a ganina akwai iyakar da bai kamata a wuce ba. Kamfani yana ƙera abin da aka rubuta masa ne, rubuta wannan takarda kuwa yana buƙatar wanda ya san abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba. Haka nan idan na'ura ta fara nuna wani hali na daban tana nisan miliyoyin kilomita, wanda ya gwada ta da hannunsa shekaru goma baya shi ne zai iya bambance matsalar na'ura da sabon abin da aka gano. Ma'aunan HFI sun gamu da irin wannan, domin ƙwayoyin da ke yawo a sararin samaniya sun riƙa bugunsu fiye da yadda aka zata, sai da waɗanda suka san na'urar ciki da waje suka ɗauki lokaci suna tace bayanan.

Akwai matakin da aka ɗauka?

Dokar tsara bincike da Faransa ta kafa a Disamban 2020 ta kawo wani sabon kwantiragi wanda ke ɗorewa har ƙarshen aikin da aka ɗauki mutum dominsa, ko da ya wuce shekara 6. Wannan ya fi dacewa da ayyukan kumbo, sai dai ƙungiyoyin ma'aikata sun soki tsarin, suna cewa zai iya maye gurbin kujerun dindindin maimakon ya ƙaru a kansu. Sukar tana da tushe, domin kwantiragin yana ƙarewa ne tare da aikin, cibiyar kuwa tana buƙatar mutumin ya zauna ya kai abin da ya koya cikin na'ura ta gaba, ya kuma horar da wanda zai gaje shi a ɗakin gwaji.