Injin kwale-kwale na hannu mai yoyon mai: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Kusan kowane mako sai wani ya same ni a bakin ruwa nan Yauri, ya miƙo waya ya nuna min hoton injin Yamaha da ɗigon mai a ƙarƙashinsa, ya ce, "Malam, in saya?" Bakina ya gaji. Ga amsoshin a rubuce, duk wanda ya sake tambaya nan zan turo shi.

Za ka iya gane lafiyar inji daga hoto ko bidiyo?

A'a. Ba a cinikin biri a sama.

Mai shi ya ce yoyon kaɗan ne, wai kowane inji yana yi. Gaskiya ne?

To me kake so ya ce? Kayansa yake son rabuwa da shi. Kai dai ka nemi sanin abu biyu: wane mai ne ke zuba, kuma ta ina.

Na je na tarar an wanke shi tas, babu ko ɗigo. Ba shi ke nan ba?

Wanki da fetur da garin sabulu ba gyara ba ne. A shimfiɗa kwali a ƙarƙashinsa ya kwana, ka yi sammako ka duba. Ka kuma ɗora hannu a kan injin kafin a ja igiya. In ka ji ɗumi, an riga an tayar da shi kafin ka iso, don kada ka ga wahalar da yake bayarwa da sanyin safiya.

Man ta wajen farfela yake ɗiga. In saya ko in haƙura?

Nan kam sai ka zauna, don amsar ba ɗaya ba ce.

Yawancin injinan da ke ruwan nan, irin su Enduro mai ƙarfin doki 15 ko 25 ko 40, ba su da ma'ajiyar baƙin mai, a cikin fetur ake gauraya musu. Man da bai ƙone ba yana bin hayaƙi ya gangaro, kuma a da yawansu ta tsakiyar farfela hayaƙin ke fita. Don haka in abin da ke ɗiga baƙi ne wuluk, mai danƙo kamar kwalta, yana warin hayaƙi da fetur, kwantar da hankalinka. Sau da yawa laifin mai zuba mai ne. Ma'aunin da aka fi amfani da shi kashi 50 na fetur ne da kashi 1 na mai, wato rabin lita a tankin lita 25, amma mutanenmu da ido suke aunawa, su ƙara wai don inji ya ji daɗi. Duk da haka ban ce ka rufe ido ba. Fulogin da ba ya kawo wuta ko kabireto mai ambaliya ma suna jawo irin wannan, sai a kwance fulogi a duba.

In kuwa man mai kauri ne, yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, wannan man giya ne, kuma sil ɗin bayan farfela, wato robar da ke hana mai fita, shi ne ya saki. A cire farfelar a gabanka. Galibi za ka tarar zaren kalli ko na mamari ya nannaɗe a jikin shaf, wato sandar ƙarfen da ke juya farfela, ya narke, ya ci robar. Sil ba shi da tsada. Matsalar ita ce ƙofar da mai ya fita ta nan ruwa ke shiga, kuma ba ka san tun yaushe yake shiga ba.

Saboda haka a sassauta noti na ƙasa na akwatin giya, ka tara tafin hannunka. Mai ya fito garau, ko da ya yi duhu, da sauƙi. Ya fito fari-fari kamar koko, ruwa ya shiga. Ruwa ne ya fara fitowa kafin mai, ya daɗe a ciki, ka sa a ranka boris sun yi tsatsa. Murza shi tsakanin yatsu biyu: laushin toka-toka a bakin notin ba komai, amma in ka ji tsaki-tsakin ƙarfe ko ka ga yana ƙyalli a rana, haƙoran giya ne ke cinyewa. In babu abin da ya fito ma gaba ɗaya, yi sallama ka kama hanya.

Sabon mai fil kuma kada ya burge ka. Wani bawan Allah daga wajen Ngaski ya taɓa kawo min inji kwana uku da saye, yana rantsuwa shi da idonsa ya ga mai kamar zuma. Da na kwance, kunu ne ya zubo. An canza man ne da safen ranar ciniki. Maganin wannan, a yi rabin awa a ruwa, a dawo, a sake kwancewa.

Sannan ka juya farfelar da hannu kana kallon tsinin shaf. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya shanye daji, kututture suna nan a ƙasa har yau, kuma injin da ya daki ɗaya yakan lanƙwashe shaf. In tana rawa, ko sil goma ka sa za ta cinye su.

To, in saya? In sil ne kawai, mai bai zama koko ba, shaf a miƙe, aka kuma cire kuɗin gyara daga farashi, ni zan saya. Amma ban ɗaukar maka alkawari ba. Akan buɗe a tarar tsatsa ta yi rami daidai inda sil ke zama, sai an canza shaf ɗin. Ka bar wani abu a aljihu saboda irin haka.

Injin da nake son saye mai sandar auna baƙin mai ne, kamar mota. Shi fa?

Zaro sandar ka duba. Fari-fari, ruwa ne, watakila gaskit. Ya haura layi yana warin fetur, fetur ke gangarawa ciki. Ɗigo a gefen filta ko noti ƙaramin aiki ne, amma ɗigon da ke fitowa daga ƙarƙashin kan inji sai an ɗaga injin dungurungum.

Dole ne sai an auna matsin fistin?

Dole. Silinda su zo kusan daidai, bambanci kada ya wuce kamar kashi 10 cikin 100. Ba ka da abin aunawa, ɗauki bakanike. Naka, ba na dillali ba.

An ce daga Legas aka kawo shi, ai ya fi lafiya ko?

Wa ya faɗa maka? Ruwan gishiri ya sha. Duba farin gari a wuyan notuna, su ne masu karyewa a hannun bakanike.

Ni babur ɗin ruwa nake so, irin WaveRunner ko Sea-Doo, shi ma yana yoyo.

Injinsa a cikin ciki yake, ɗaga kujera ka haska tocila, man a ƙasa yake taruwa. Shi ba farfela a waje gare shi ba, ruwa yake zuƙa ta ƙasa ya feso ta baya, kainuwa da leda da yashi duk yana haɗiya. Kafin ka biya, tambayi kanka wa zai gyara maka shi tsakanin Yauri da Birnin Kebbi, kuma daga ina kayan gyaran za su zo.

Mai shi ya ƙi a sa a ruwa, ya ce a tayar a tudu.

Kada ka yarda. Robar da ke tura ruwan sanyaya inji tana ƙonewa nan da nan in babu ruwa. A sa a kogi, da kaya a jirgi, ka ga yana tsartar da ruwa ta baya da ƙarfi, a sa giyar gaba da ta baya ka saurara. Ku da kuke raina wannan kuna ba ni mamaki. Mota ta mutu ka sauka ka tsaya a gefen titi, a tsakiyar Kwara ina za ka sauka? Mun ga haɗarin jirgin ruwan da ya faru a Warrah a watan Mayun 2021, kwana da kwanaki ana tsamo gawarwaki. Ban ce inji ne sanadi ba, faɗin ruwan nake tuna muku. Ko gwajin nan kada ka shiga ba rigar kariya.

Za ka raka ni in na tashi saye?

Zan raka ka. Ka zo da fetur lita 10 da kwali, kada ka ba da kafin alƙalami kafin mu je, kuma ranar kasuwa kada ka neme ni.