Don Allah ku daina toshe ramukan katangar tare ƙasa

Jiya ma na sake cin karo da abin nan. Katanga ce mai tsayin kusan mita 2 da rabi, tana riƙe da ƙasar filin da ke sama, ga kuma ɗakin kwana a gindinta. Na bi ta ina neman ramukan da ruwa ke fita, sai na tarar an bi su ɗaya bayan ɗaya an cusa siminti, an shafe da filasta, an bi da fenti. Da na tambayi maigidan dalili, sai ya ce ruwan da ke tsiyayowa yana ɓata masa fenti, kuma ɓeraye suna shiga. Na ce masa, "Malam, fenti kake karewa alhali 'ya'yanka a ƙarƙashin wannan bango suke kwana?"

Aikina ne in zagaya in duba wuraren da ke da haɗari kafin ruwa ya kankama, kuma wallahi na gaji da wannan ɗabi'a. Katangun da na gani sun faɗi, kusan duk labarinsu ɗaya ne: ruwa ya taru a baya, bai samu hanyar fita ba. Wasu tun farko ba a yi musu ramuka ba. Wasu an yi, mai gida ya toshe da hannunsa. Na biyun nan ne ya fi ci mini rai, don wanda ya gina ya yi daidai, sai mai ita ya ɓata.

'Yan'uwa, katangar shinge daban, katangar tare ƙasa daban. Ta shinge nauyin kanta kawai take ɗauka, sai iska. Ta tare ƙasa kuwa dare da rana ana tura ta daga baya. Lita 1,000 na ruwa nauyinsa kilo 1,000 ne. Idan ruwa ya cika bayan katanga mai tsayin mita 2, ruwan nan kaɗai yana tura kowace mita ɗaya ta tsawon katangar da ƙarfin da ya kai tan 2. Busasshiyar ƙasa mai yashi ba ta wuce tan ɗaya da ɗan wani abu take turawa ba. Ke nan da zarar ƙasar ta sha ruwa ta ƙoshi, turin ya ninka har ya zarce. Waɗannan ƙananan ramuka da kuke ganin sun ɓata ado, su ne ke sauke wa katangar wannan kaya. Ruwan da kuka ga yana ɗiga shaida ce cewa tana aiki. Ku bar shi ya ɗiga!

Kada wani ya ce tasa ta shekara goma ba ta motsa ba. Haka kowa ke faɗi. Katanga tana iya jure damina tara, a ta goma a wuni uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, ta kwanta cikin dare. Kuma ba a ƙananan gidaje kaɗai abin ke faruwa ba. A watan Yulin 1994, a Hong Kong, wata tsohuwar katangar dutse a Kwun Lung Lau ta rushe ana tsaka da ruwan sama, mutum 5 suka rasu. Bincike ya gano cewa bututan ruwa da ke binne a bayanta suna yoyo cikin ƙasa, kuma katangar ba ta kai kaurin da aka ɗauka tana da shi ba. A Malesiya kuma, a Disambar 1993, ruwa ya jiƙe gangaren da ke bayan gidajen Highland Towers, katangun da ke riƙe da shi suka kasa, bene guda ya kife, mutum 48 suka mutu. A duka biyun ruwa ne.

Akwai wata ɗabi'ar da ke tafiya da wannan, wato ƙara tsayi. Mutum yana da katangar mita 1, sai ya kira birkila ya ɗora bulo ta koma mita 2, ya zuba ciko don fili ya daidaita. Yana ganin kaya ya ninka biyu ne. Ina! Turin ya ninka huɗu, ƙarfin da ke neman kifar da ita ya ninka takwas, harsashin kuma yana nan yadda yake. Sannan a zo a ajiye tankin ruwa a sama, ko a riƙa faka mota a bakinta, ko a juyo ruwan indararo ya riƙa zuba a bayanta.

Ban raina birkila ba, na san masu hannu ƙwarai a cikinsu. Amma jera bulo daban ne da lissafin ƙasa. Injiniya zai fara duba irin ƙasar wurin, don yumɓu yana riƙe ruwa ya kumbura, yashi da tsakuwa kuwa suna sakinsa. Zai lissafa ko katangar za ta kife, ko za ta zame gaba ɗaya, ko harsashinta zai nutse, ko ma gangaren ne zai tafi da ita duka. Yakan bar rarar ƙarfi, aƙalla ninki ɗaya da rabi na abin da zai tura ta. Shi zai faɗi faɗin harsashi, da kaurin rodi, da inda za a sa shi. Sau nawa na ga rodi a tsakiya ko a fuskar waje, alhali a irin katangar kankaren da aka saba yi, ɓangaren da ke manne da ƙasa ne ke buƙatarsa. Wannan lissafi ba sabon abu ba ne, tun 1776 wani injiniyan sojan Faransa mai suna Coulomb ya wallafa shi. A wurare da yawa a Amurka, katangar da ta wuce ƙafa 4, wato kusan mita 1.2, sai da izinin hukuma ake gina ta. Kuma duk zanen da ya amsa sunansa za ka ga hanyar ruwa a ciki: tsakuwa a jere a bayan bango, bututu mai huji-huji a gindi, da ramukan fita. Tun ran gini tun ran zane. Na san kuɗin injiniya yana da nauyi ga mai ƙaramin ƙarfi, ban musa ba, amma wanda ya gina katanga sau biyu ya biya fiye da haka, in ma an yi sa'a ba a rasa rai ba.

To ga abin da nake roƙo, a gurguje:

- Ku je yau ku duba ramukan. Wanda laka ko ciyawa ta cushe, a zaƙule. Wanda aka sa wa siminti, a fasa.
- In ɓera ne damuwar, a sa ragar waya a bakin ramin.
- A kawar da ruwan indararo da na wanka daga bayan katanga, a gyara duk bututun da ke yoyo.
- An yi ruwa mai yawa amma ramukan a bushe? Mai yiwuwa sun toshe daga ciki ke nan.
- Kada a shafe tsagewa da filasta a ce an gyara.

Idan kuma katangar ta riga ta karkata, ko ta yi ciki, ko ƙasar da ke samanta ta tsage a tsawonta, kada kowa ya tsaya a gindinta da guduma yana huda. A kwashe mutane daga ɗakin da ke ƙasa, a hana yara wasa a wurin, a kira injiniya.

Maigidan jiya, tasa ba ta karkata ba tukuna, kuma ya yi mini alkawarin zai buɗe ramukan. Na gaya masa jibi zan dawo in ƙirga su da kaina.