Tallafin Gaggawa na Asusun UNCF

United Negro College Fund, wanda aka fi sani da UNCF, asusu ne mai zaman kansa a Amurka da ke tara kuɗi daga kamfanoni da attajirai domin ɗalibai baƙar fata da kwalejojinsu. Tallafin gaggawa ɗaya ne daga ayyukansa. Ana ba da shi ga ɗalibin da cikon kuɗin makaranta ya gagare shi, musamman wanda ke dab da kammalawa.

Asali

Dakta Frederick D. Patterson, shugaban Cibiyar Tuskegee, wata kwalejin baƙar fata a jihar Alabama, shi ya fara kawo shawarar a 1943. A lokacin kowace kwalejin baƙar fata ita kaɗai take yawon neman taimako, kuma ƙofofin masu hannu da shuni ɗaya duk suke ƙwanƙwasawa, ga Yaƙin Duniya na Biyu ya janye hankalin masu bayarwa. Patterson ya ga gara a haɗa ƙoƙon wuri guda, a raba abin da aka samu. Aka kafa asusun ranar 25 ga Afrilu 1944 da kwalejoji 27, kuma malama Mary McLeod Bethune na cikin waɗanda suka tsaya a kai. Attajiri John D. Rockefeller Jr. ya sa hannu tun farko, sunansa kuwa ya buɗe wa asusun ofisoshin manyan 'yan kasuwa da a da ba sa sauraron irin wannan kira. Gangamin farko ya tara kimanin dala 765,000.

Kyaututtuka masu tsoka sun biyo baya. Attajiri Walter Annenberg ya yi alkawarin dala miliyan 50 a 1990. A 1999 gidauniyar Bill da Melinda Gates ta damƙa wa asusun shirin tallafin karatu na dala biliyan 1.

Shirin gaggawa

Bayan durƙushewar tattalin arziki ta 2008, iyaye da dama sun rasa aiki, bashin karatu ya yi wuyar samu. Wajen 2009 asusun ya buɗe gangamin agajin gaggawa, kamfanin mai na ExxonMobil yana cikin na farkon da suka zuba kuɗi. Matsalar kan kasance ƙarama a takarda. Ɗalibi ya yi shekara uku da rabi yana karatu, sai ragowar kuɗin zango ta sa ofishin kuɗi ya toshe masa rajista ko ya riƙe takardar sakamakonsa. Tallafin kan cike wannan giɓin ne kawai.

A yau

Kwalejoji 37 ne ke ƙarƙashin asusun. Michael Lomax ya zama shugabansa a 2004.

Taƙaddama

A 2014 asusun ya karɓi dala miliyan 25 daga kamfanin Koch Industries da gidauniyar Charles Koch. Masu suka sun kawo batun siyasar iyalan Koch, ƙungiyar ƙwadago ta AFSCME ta yanke hulɗa da asusun, Lomax kuma ya kare karɓar kuɗin.