Waiwaye: Daga Ina Rigimar Cire Tsohon Laifi a Intanet Ta Samo Asali?

Har yanzu a Turai ana ta kai ruwa rana kan maganar nan, wai mutumin da ya yi laifi shekara ashirin da suka wuce, ya gama zaman gidan yarinsa ya fito, yana da ikon cewa a daina nuno labarin in an buga sunansa a Google? Wasu su ce ai dole jama'a su san wanda za su ba amana, wasu su ce hukuncin alƙali yana da ranar ƙarewa. Yawanci daga 2014 ake ɗauko zancen, lokacin da Kotun Tarayyar Turai ta ba wani ɗan Sifaniya gaskiya da ya nemi Google ya daina nuno sanarwar gwanjon gidansa ta 1998, sai dokar kare bayanan mutane ta Tarayyar Turai, wato GDPR, da ta fara aiki a 2018. Amma fa tun 1973 kotun tsarin mulkin Jamus ta hana nuna wani shirin talabijin kan wasu sojoji da aka kashe a garin Lebach saboda ɗaya daga cikin waɗanda aka ɗaure yana dab da fitowa, Ingila kuma a 1974 ta yi dokar da ta ce bayan wasu shekaru wasu hukunce-hukuncen sun shuɗe, a yawancin ayyuka ba dole ka faɗa wa mai ɗaukarka ba.

Inda ni nake ganin labarin ya juya, kuma ba a cika tsayawa a kai ba, shi ne daga ƙarshen shekarun 1990, da jaridu suka fara kwashe tsofaffin bugunsu suna ɗorawa a intanet. Kafin nan in kana son sanin abin da wani ya yi a 1982 sai ka tashi ka je laburare, ka san shekara ka san wata, ka zauna kana buɗa ɗaurin jaridu da suka yi ja suna warin ƙura, maƙwabci ba zai sha wannan wahalar ba balle mai gidan haya. Tsofaffin dokokin nan a kan wannan wahalar suka jingina ba tare da kowa ya rubuta hakan ba. Da niyyar alheri aka ɗora jaridun, don adana tarihi, amma babu majalisar da ta zauna ta tambayi me zai faru da sunayen mutanen da ke ciki.

Ka dubi wani mutumin Jamus da aka yanke wa ɗaurin rai da rai a 1982 kan kashe mutum biyu a jirgin ruwa. Wata mujalla ta ba da labarin da cikakken sunansa a lokacin, a 1999 aka ɗora shi a intanet, shi kuma ya fito a 2002, sai a 2009 ya gano cewa duk wanda ya buga sunansa labarin kisan ne ke fara yi masa sallama. Laifinsa babba ne wallahi, amma ya kai mujallar ƙara, shari'ar ta yi tsawo har 2019, inda kotun tsarin mulki ta ce tsawon lokacin da ya wuce abin dubawa ne, a nemi hanyar da labarin zai zauna a rumbun mujallar amma ya yi wuyar samu ta hanyar suna. Haka a Beljiyam, wani likita da ya yi hatsarin mota a 1994 har aka rasa rayuka, kotu ta share masa laifin a 2006, sai ga jarida ta buɗe rumbunta a intanet a 2008 da labarin a ciki, ya kai ƙara, sai 2023 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta tabbatar a ɓoye sunansa.

Yanzu dai kotuna ɗaya bayan ɗaya suke duba mutane. A Landan a 2018 'yan kasuwa biyu suka kai Google ƙara, wanda aka ɗaure wata shida kuma ya nuna nadama ya yi nasara, wanda aka ɗaure shekara huɗu aka ƙi masa. A 2019 kuma Kotun Tarayyar Turai ta ce cirewar ba dole ta wuce iyakar ƙasashenta ba, wato mai bincike daga Amurka zai iya ganin abin da aka ɓoye wa na Faransa.