Tambayoyin da ake ta yi kan sunan Smith

Me Smith yake nufi?

Maƙeri. Kalma ce ta tsohon Ingilishi, mai sarrafa ƙarfe ke nan.

Ashe duk masu sunan dangin juna ne?

A'a! Don Allah a daina wannan zato. Sunan sana'a ne. Maƙerin York da maƙerin Kent, wurare biyu masu nisa da juna a Ingila, ba su taɓa ganin juna ba, wuta da guduma kawai suka haɗa su.

Me ya sa ya yi yawa haka?

Wane ƙauye ne zai zauna babu maƙera? Garma, ƙusa, takalmin doki, takobi, duk daga can suke fitowa. Shi ya sa ya fi kowane suna yawa a Ingila da Amurka, inda ƙidayar 2010 ta sami sama da mutum miliyan 2 da dubu 400.

Smyth da Smythe fa?

Bambancin rubutu ne kawai.

Zan iya bin asalin wani gidan Smith?

Mai yiwuwa, amma da sharaɗi. Sunayen gado sun fara kafuwa a Ingila bayan 1066, kuma zuwa wajen 1400 yawancin gidaje sun samu, sai dai rajistar coci ta baftisma, aure da jana'iza ba ta fara ba sai 1538, ta gwamnati kuwa sai 1837. Tsakanin nan akwai giɓin da da wuya a cike shi. Ka fara daga takardar haihuwa ta baya-bayan nan ka riƙa komawa baya, kakanni ɗaya bayan ɗaya. Inda ake faɗuwa shi ne a ga John Smith a gari guda, shekaru sun yi kusa, a ce shi ne. Kar ka yarda sai abu uku sun dace: gari, sana'a, da sunan gidan su uwa. Ƙidayar Ingila ta 1841 ma kar ka dogara da shekarunta, domin an rage na manya zuwa lambar da ta ƙare da 0 ko 5. Ta 1851 ta fi, tana faɗin garin haihuwa.

Sannan ba kowane Smith ne ya gaji sunan daga Ingila ba. Wasu Jamusawa masu Schmidt sun mayar da nasu Smith a Amurka, wasu 'yan Ireland masu Mac Gabhann sun fassara nasu, bayi kuma da yawa sunan iyayen gijinsu ya bi su. Idan gidan na zuriyar bayi ne, ƙidayar Amurka ta 1870 ce ta fara rubuta mafi yawansu da suna. In bincike ya tsaya nan, kar ka ga laifin kanka, takardun ne ba a rubuta ba.

Yaushe aka fara amfani da sunan?

An amsa a sama.